Sifili Saboda Kwana Tara

A farkon watan Yuli na 2024 muka bar Dindir. Kwanaki kaɗan kafin nan dakarun RSF sun shiga Sinja, kowa kuma ya san garinmu ne na gaba. Damina ta kankama, laka irin ta ƙasarmu tana riƙe ƙafa kamar ƙaro. Motar da muka samu ta kafe tun kafin mu kai Hawata, sauran tafiyar muka yi ta rabi a ƙafa, rabi a bayan tarakta, har Gadarif. Dubban mutane sun yi wannan gudu, wasu sun ga abin da ya fi namu muni nesa ba kusa ba, don haka ba zan tsaya ba da labarinsa ba. Abin da ya zaunar da ni rubutu wani ƙaramin abu ne da ya faru a cikin tafiyar, wanda har yau na kasa yanke masa hukuncin da zai bar ni in yi barci.

Ƙanwata tana aji uku a sashen ilimin kwamfuta na wata jami'a da ba zan ambaci sunanta ba. Kamar sauran ɗaliban ƙasar nan, karatunta ya koma cikin waya. Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, azuzuwa suka watse. Wad Madani, wadda ta karɓi waɗanda suka gudo daga can, ita ma ta faɗi a Disambar wannan shekara, Jami'ar Jazira ta bi sahun na Khartum. Jami'o'in da suka ƙi yarda su mutu sai suka koma koyarwa ta Telegram da WhatsApp, jarrabawa kuma a yi ta a cibiyoyi a garuruwan da ke da sauran kwanciyar hankali, irin su Bur Sudan da Kasala da Gadarif, har da Alƙahira da Riyad saboda waɗanda suka tsallaka waje.

Cikin darussan da take ɗauka a wannan zango akwai wanda ake kira khawarizmiyyat da Larabci, Turawa kuma su ce algoridim. Sunan ne mai nauyi, ma'anar ba ta da wuya: matakai ne a jere, bayyanannu, masu iyaka, waɗanda in ka bi su ɗaya bayan ɗaya za su kai ka ga amsa, ko kai wane ne. Hanyar raba lamba da aka koya mana a firamare haka take. Rabon gado haka yake. Sunan ma ya samo asali ne daga wani malamin Bagadaza, Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara wajen shekara ta 820, kuma babban kaso na littafin lissafin gado ne da wasiyya.

Malamin da ke koyar da darasin ya tsara kwas ɗinsa tsaf. Jinga huɗu, kowace maki 10; jarrabawar ƙarshe maki 60. Kowace jinga tana da wa'adi, ƙarfe goma sha biyun dare na ranar da ya sa. Wanda ya wuce da minti ɗaya, sifili. Washegari da safe sai ya saki amsoshin a zauren ɗalibai kowa ya gani.

Wa'adin jinga ta uku ya faɗo ne a daren da muke kwance a barandar wata makaranta a hanya. Ta riga ta yi aikin a littafin rubutu, ta naɗe shi a leda ta sa cikin tufafinta don kada ruwa ya taɓa shi. Waya ba caji, shabaka kuma, wato sabis ɗin waya kamar yadda muke kiransa a nan, babu ko ɗigo. Sai bayan kwana tara ta samu ta ɗauki hoton shafukan ta aika. Aka ba ta sifili. Da sakamakon ƙarshe ya fito, maki huɗu ne suka hana ta wucewa, kuma da yake sai ka ci wannan kwas za ka shiga wasu na gaba, shekara guda ta ƙaru a kan waɗanda yaƙi ya riga ya cinye. Ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Yaya, ni fa na yi aikin."

Halin ɗan jarida bai bar ni ba, na nemi lambar malamin na kira shi. Na shirya faɗa, sai na tarar da mutum mai sanyin murya, wanda shi ma ɗan gudun hijira ne, yana zaune da iyalinsa a ɗaki ɗaya a gidan wani ɗan'uwansa, yana duba aikin ɗalibai sama da ɗari a kan wayar hannu. Na ce, "Dakta, yarinyar nan tana gudun ranta ne a daren." Ya ce, "Ustaz, ban ce ƙarya take yi ba. Amma saƙo nawa kake tsammani na samu a makon nan? Kowa da labarinsa. Mafi yawa gaskiya ne, wasu kuma na san suna zaune lafiya a ƙasar waje suke rubuto mini cewa an kai wa garinsu hari. Ba ni da hanyar tantancewa. Amsoshin kuma sun yi kwana takwas a fili kafin ta aiko nata. In na buɗe mata ƙofa yau, gobe ɗan wani babba zai sa a kira ni, kuma ba ni da bakin cewa a'a." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ƙara da cewa abu na farko da yake koya musu shi ne matakai ba sa duba fuska, to yaya zai koyar da haka da rana, ya karya shi da dare?

Na ajiye waya raina a ɓace. Amma maganarsa ta ƙi barina, domin ni Bahaushen Sudan ne, kuma mu mun san darajar ƙa'idar da ba ta duba fuska. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban tagar wani ofis yana neman takarda, ma'aikaci ya dubi sunansa, ya saurari harshensa, sannan ya ce ya je ya kawo shaidar kakan kakansa alhali wanda ke gabansa ba a tambaye shi komai ba, ya san me ake nufi da a bar wa mutum ɗaya ya yi hukunci yadda ya ga dama. Yawancinmu da muka yi karatu mun yi shi ne albarkacin lambar zama a jarrabawar shahada: mai duba takarda ba ya ganin sunanka, ba ya sanin ɗan kambo ne kai, wato 'yan zangon leburorin gonakin Jazira, ko ɗan babban gida. Lamba yake gani da amsa. Inda aka ce a sassauta wa wane saboda halin da yake ciki, a tarihinmu ba kasafai wanen yake zama mu ba. Sassauci yakan bi mai dangi a sama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mun san irin ƙadangarun da ke fara shiga. Ta wannan fuska malamin yana kare irin ƙanwata ne, ko da a kanta sandar ta sauka.

Sai dai tarihin namu yana da wani shafi. Dokar da Turawan mulki suka yi a 1948 don fayyace wane ne Basudane ta sa rana: sai wanda shi ko kakanninsa ta wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba, 1897. Wannan ma ƙa'ida ce da ba ta duba fuska. Ba ta ambaci Bahaushe ba, ba ta ambaci Bafulatani ba. Amma mutanen da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garinsu a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar, sun iso ne bayan wannan rana. Hannayensu da na 'ya'yansu sun yi aiki a gonakin audugar Jazira bayan an kammala madatsar Sannar a 1925, amma a takarda sun makara. An matsar da ranar gaba daga baya, bayan mutane da yawa sun rayu sun mutu a matsayin baƙi a inda aka binne cibiyarsu. Wa'adi ne shi ma, irin na ƙarfe goma sha biyun dare, kuma duk wanda ya aiwatar da shi yana iya cewa da gaskiyarsa bai nuna wa kowa bambanci ba.

To ka ga inda na tsaya. Ƙa'ida makauniya ta taɓa ɗaga mu, ƙa'ida makauniya ta taɓa danne mu. Cewa a bi ƙa'ida ko a yi tausayi bai kai ni ko'ina ba. Tambayar da ta fi amfani ita ce: me ƙa'idar take aunawa a zahiri? Lambar zama tana rufe idon mai duba takarda daga abin da bai shafi ilimi ba, ta bar shi da amsa kaɗai. Wa'adin jinga an yi shi ne don ya auna himma, ya raba mai aiki da mai jinkiri, kuma a lokacin zaman lafiya yana yin hakan daidai gwargwado. A watan Yulin 2024 kuwa, abin da ya auna shi ne nisan ɗalibi da turken shabaka mai aiki. Mudun na nan yadda yake, abin da ake zubawa a ciki ne ya sauya. Kuma ba za a ce abin ya zo ba zato ba: a watan Fabrairun wannan shekarar layukan Zain da MTN da Sudani sun ɗauke a kusan duk ƙasar, mutane suna biyan kuɗi a kan awa don su zauna kusa da faifan Starlink su aika saƙo ɗaya. Wanda ya tsara kwas bayan wannan ya san irin ƙasar da yake koyarwa a cikinta.

Abin mamaki, hujjar da ta fi ƙarfi a kan malamin daga cikin darasinsa ta fito, kuma ƙanwata ce ta koya mini ita ba da niyya ba. Muna kan layin rabon abinci a Gadarif, wani matashi yana neman sunan kowane mutum a cikin tarin takardu, yana farawa daga shafin farko kowane karo. Ta ce mini a hankali, da an jera sunayen bisa harufa da tuni mun koma. Ta yi mini bayani: in sunaye 1,000 ne a hargitse, mai sa'a za a same shi a dubawa ta farko, marar sa'a sai an duba dubun nan duka. In kuwa a jere suke, sai ka buɗe tsakiya, ka ga ko sunan na gaba ne ko na baya, ka watsar da rabi, ka sake buɗe tsakiyar rabin da ya rage. Dubawa 10 ta ishe ka ko da kai ne mafi rashin sa'a. In sunaye miliyan ne, dubawa 20. Ta ce a wannan fanni ba a yabon hanya saboda yadda take yi wa mai sa'a. Tambayar farko da ake koya musu su yi ita ce: in abubuwa suka zo a mafi munin yanayi, me hanyar nan za ta yi?

Na daɗe ina juya wannan magana. Mutumin da ya koya mata ta yi wannan tambaya a kan jerin lambobi bai yi ta a kan jerin ɗalibansa ba. Ya tsara kwas ɗinsa a kan ɗalibi mai wuta, mai caji, mai shabaka, wanda ya san inda zai kwana ranar Alhamis. Bai rubuta wannan sharaɗi a takardar kwas ba, amma yana ciki, shi ne ma ginshiƙinta. Da ɗalibi ne ya kawo masa matakan da ke rushewa da zarar an ba su abin da ba a saba ba, da ya rage masa maki.

Amma in na tsaya a nan na zalunci malamin, domin fannin nasa yana da amsa. Akwai wata sananniyar hanyar jera abubuwa da Baturen Ingila Tony Hoare ya ƙirƙiro a 1959 yana ɗalibi a Mosko, mai suna Quicksort. A mafi munin yanayi hanya ce mai nauyi: jera abu 1,000 zai iya cin kwatantawa kusan rabin miliyan. A yawancin lokaci kuwa kimanin 11,000 take ci, shi ya sa duniya ta rungume ta duk da aibinta. Wato masu wannan sana'a su ma sun yarda cewa wani lokaci gina komai a kan mafi munin yanayi asara ce ga kowa. Haka ajin yake. Akwai ɗalibai a cikinsa da suka riga suka yi asarar fiye da shekara, iyayensu sun rasa komai, suna jiran su gama su fara kawo wani abu gida. In malam ya ce ba zai saki amsa ba sai na ƙarshe ya aiko, ajin ba zai taɓa motsawa ba, domin kullum akwai garin da ke ƙonewa. In kuma ya ce kowa ya wuce saboda halin da ake ciki, ya ba su takardar da ba ta da nauyi. Waɗannan yara su ne gobe za su taɓa manhajojin asibiti da na banki. Duk wanda ya rayu a kan Bankak a shekarun nan, lokacin da takardar kuɗi ta ɓace kuma abincin gida ya dogara da saƙo ɗaya ya wuce, ba zai so a ce wanda ya rubuta irin wannan manhaja tausayi ne ya ba shi shaida ba. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai, kuma mutum ɗaya da waya ɗaya ba zai zama alƙalin labarai ɗari ba.

Abin da ya ba ni mafita shi ne yadda masu fannin suka yi da aibin Quicksort. Ba su jefar da ita ba, ba su kuma bar ta haka ba. A 1997 wani malami a Amurka, David Musser, ya fito da gyara: a fara da hanyar mai sauri, amma a sa mata ma'auni tun farko, da zarar ta nuna alamar ta faɗa mummunan yanayi sai ta sauya da kanta zuwa wata hanya mai tabbas. Sauyin yana cikin matakan. Ba wanda zai zo daga baya ya roƙa, ba wanda zai duba fuska. Mu ma mun san irin wannan tun muna yara: matafiyi yana ƙasaru, wanda ya rasa ruwa yana taimama. Ba liman ke ba da wannan sauƙi ga wanda ya ga dama ba. Sharaɗin sananne ne tun kafin a tashi tafiya, kuma na sarki ne da na talaka.

A ganina nan ne nauyin malamin yake, kuma nan ne ya gaza. Laifinsa ya faru ne tun ranar da ya zauna tsara kwas, watanni kafin daren da ya ƙi karɓar aikin ƙanwata. A daren kam, da ƙa'idar da ya riga ya shelanta da amsoshin da ya riga ya saki, ban ga yadda zai karɓa ba tare da ya buɗe ƙofar da yake tsoro ba. Amma da tun farko ya ce cikin jinga huɗu uku mafi kyau za a ƙirga, ga kowa, ba tare da tambayar dalili ba, da ba ya bukatar tantance labarin kowa, ɗan babba kuma ba shi da abin roƙo. Da ya tanadi wata tambaya dabam mai nauyi ɗaya ga wanda ya makara, da sakin amsa bai zama hujja ba. Wannan ƙarin aiki ne a kan mutumin da ya riga ya gaji, na sani, kuma jami'ar da ta bar shi shi kaɗai da ɗalibai sama da ɗari tana da nata kason.

Har yadda ake isar da darasin ma abin dubawa ne. Bidiyo mai awa guda mai kuɗi ne kawai ke iya sauke shi. Mu 'yan rediyo mun san murya tana kaiwa inda hoto ba ya kaiwa, kuma wannan fanni ya fi yawancin fannonin kwamfuta jure wa takarda da alƙalami. Edsger Dijkstra, mutumin Holan, ya ce a cikin kimanin minti 20 ya tsara hanyarsa ta gano gajeriyar hanya tsakanin garuruwa, a 1956, yana zaune a wurin shan gahawa a Amsterdam. Namu ma, Muhammad bin Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta matakan cika murabba'in lambobi ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, babu na'ura a gabansa. Ban ce a yaye ɗalibin kwamfuta bai taɓa gwada aikinsa a kan kwamfuta ba, wannan ma cuta ce. Amma tunanin da ake son a auna a wannan kwas yana cikin littafin da ke naɗe a leda.

Bari in faɗi nawa, kada in zama mai ganin na wani. Shekaru ina gabatar da shirin da masu sauraro ke bugo waya, ƙa'idata kuma ita ce wanda ya fara shigowa shi za a fara ɗauka. Ina alfahari da ita, don ba na zaɓen abokai. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ya sa muryoyin nan guda-guda ne kullum ba: 'yan cikin gari, masu kuɗin kati, maza. Matar da ke kambo, wadda sai ta ari wayar mijinta ta hau kan gaɓar magudanar ruwa kafin ta samu shabaka, ba ta taɓa riga kowa shigowa ba. Ban hana ta ba. Na dai shimfiɗa layin da ba za ta taɓa kaiwa gabansa ba, kuma ban ji komai a raina ba sai da abin ya taɓa 'yar gidanmu.

Sojoji sun karɓe Dindir a watan Oktoban 2024, Sinja a Nuwamba, Wad Madani a Janairun 2025. Mun koma gida mun tarar da abin da muka tarar. Ƙanwata ta sake ɗaukar kwas ɗin a wurin malamin nan dai. A takardar da ya raba a farkon zango akwai sabon layi: jinga biyar, huɗu mafi kyau za a ƙirga. Bayanin darasi kuma ya koma gajerun saƙonnin murya da rubutu. Ko maganata ce ta sa, ko wasu ne suka yi masa magana, ko shi ne ya zauna da kansa, bai faɗa ba, ni ma ban sake kiransa ba. Makinta na bara bai dawo ba, shekarar ma ba ta dawo ba. Ta ci kwas ɗin da kyau, tana kuma ganin girmansa fiye da yadda ni nake gani.

Ranar da sakamako ya fito ta nuna mini zauren ajinsu na farko a waya. Akwai lambobi uku da rabon da a ga sun buɗe saƙo tun watan Yulin nan. Biyu 'yan Sinja ne, ɗaya daga wani ƙauye a gabashin Dindir. A takardar sakamakon bara an rubuta wa kowannensu sifili a jinga ta uku da ta huɗu, a gurbin jarrabawa kuma an rubuta bai halarta ba. Ta ce takan gwada kiran ɗaya daga cikinsu duk ranar Juma'a.